Babin da Gara Ta Cinye

Ofishinmu ba shi da taga. Ɗaki ne a ƙarƙashin matakalar wani bene, bayan shagon masu buga katin gayyata, kuma kafin mu shiga sito ne na ajiye takarda. Tebur uku ne a ciki, sai fanka guda da ke juya mana iskar jiya. Duk mai hawa bene ko mai saukowa a kanmu yake takawa. Shekara shida ina zaune a wurin, har na iya gane takun kowa ba tare da na taɓa ganin fuskarsa ba.

Aikinmu shi ne nemo tsofaffin littattafan da suka ɓace a kasuwa, mu mai da su na karantawa a waya. Ni ce mai bugawa a kwamfuta, harafi bayan harafi. Injiniya ne ke ɗora su a manhajarmu. Ba injiniya ba ne, magidanci ne mai ciwon baya da ya taɓa gyaran waya a kasuwa, sunan ne kawai ya bi shi. Shi kuwa Manaja aikinsa ya tsaya a bakin ƙofa, inda waya ke kamawa, yana ta cewa "kamfaninmu" kamar mu ɗari ne. Mu ukun nan ne dai.

Wata rana Manaja ya shigo da wani littafi da ya saya a gefen titi, bangonsa ya koɗe, yana warin tsohuwar adaka. Sunansa Tarago Na Tara, an buga shi tun ba a haife ni ba. Labarin wani akawun gidan waya ne da aka ba shi rakiyar akwatin ƙarfe a jirgin ƙasa, cikinsa akwai taswirar wani ramin zinariya. Tsakanin tasha da tasha akwatin ya yi ɓatan dabo, aka ce shi ya sace. Sai ya tsere ya bi sawun ɓarawon da kansa, ta daji, ta kogi, ta cikin ramukan haƙar ma'adinai da aka daɗe da bari. Na buga littattafai irinsa sun fi arba'in, amma wannan ne kaɗai ya taɓa sa na manta da abincin rana.

Maɗaba'ar da ta buga shi ta daɗe da rufewa. Ɗan mai ita ya sa wa Manaja hannu a takarda, ya ce marubucin kuwa yana jin ya rasu tuntuni. Da wannan "yana jin" muka kama aiki.

Sai da na kai babi na ashirin, wanda shi ne na ƙarshe, na ga ta'asar da gara ta yi. Shafi ɗaya da rabi ta bar mini. Akawun ya rutsa ɓarawon a cikin rami, ya ɗaga fitila ya haska fuskarsa, ya ce... Daga nan sai ƙasa-ƙasa da guntayen takarda a jikin ɗinki. Mako uku muna neman wani kwafin. Na shiga ɗakunan karatu huɗu, na durƙusa gaban masu baza littattafai a ƙasa har gwiwata ta yi kanta. Babu.

"Malama, sau nawa kika karanta littafin nan?" in ji Manaja.

"Sau uku."

"To ai kin fi mai shi saninsa. Ƙarasa mana."

"Manaja, wannan fa ba daidai ba ne."

"Na riga na sanar da ranar fitowa. Ko so kike mu sayar wa mutane wando babu mazagi?"

Na ɗan yi gardama don a ce na yi. Amma gaskiyar magana, raina ya so. Shekara da shekaru ina buga maganar wasu, ko waƙafi ba ni da ikon ƙarawa. Ga shi an miƙo mini babi guda, kuma babin da kowa ke jira.

Ban sha wahalar gano ɓarawon ba, a ganina. Wanda ya buga irin waɗannan littattafai da yawa ya san dabarar marubutansu: mutumin da aka fi nuna kirkinsa, shi za ka sa wa ido. A littafin nan kuwa akwai wani mai duba tikiti, dattijo, wanda marubucin ya zuba wa tawada ba kaɗan ba. An faɗi yadda yake goge maɓallan rigarsa da gefen hannun riga kowace safiya. An faɗi yadda yake raba burodi biyu ya miƙa wa wani mutum babban ɓarin. Shi ya ɓoye akawun a ɗakin kaya, shi ya ba shi rigar sanyinsa, shi ya yi masa rantsuwa a gaban 'yan sanda. Na ce a raina, malam, ba ni za ka yi wa wayo ba. Ba wanda zai ɓata shafuka haka a kan mutum sai in yana rufe mana ido ne. Na sa fitilar ta haska fuskar mai duba tikiti. Na sa ya yi dariya, ya bayyana cewa duk taimakon da ya yi, yi ya yi don ya san inda akawun ya dosa. Kwana huɗu na yi ina kwaikwayon salon marubucin, da dogayen jimlolinsa da yawan "sai ga shi" ɗinsa, har Injiniya ya kasa nuna inda aka yi ɗorin.

Shekara guda littafin na manhaja, ba a sayi ko hamsin ba. Na ma fara mantawa.

Sai Manaja ya ƙirƙiro rangwamen mako biyu. Ya karya farashin Tarago Na Tara ya koma kuɗin kofin shayi, ya sa Injiniya ya liƙa masa jan tambari da agogo mai ƙirga kwanakin da suka rage. Wata mata mai dubban mabiya a intanet ta saya, ta karanta, ta yi magana a kai. Kafin mako ya zagayo an sauke shi sau dubu shida. Manaja ya saya mana lemo, abin da bai taɓa yi ba.

Ra'ayoyin masu karatu suka yi ta shigowa, kuma kusan duk a kan ƙarshen suke. Wani ya ce ya jefar da wayarsa don mamaki. Wata ta ce marubutan da ne marubuta, na yanzu ba su iya irin wannan ba. A banɗakin bayan shago nake zuwa in karanta su, don a nan ne kawai ba mai ganin fuskata. Daɗi nake ji kamar in yi tsalle, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Ko mahaifiyata ba ta sani ba.

Ranar Laraba ta mako na biyu wayar ofis ta yi ƙara. Manaja ya fita, sai na ɗauka. Muryar mace ce, babba, mai natsuwa.

"Don Allah nan ne masu Tarago Na Tara?"

"Nan ne."

"Ni 'yar wanda ya rubuta shi ce."

Na ce, "Allah ya jiƙansa."

Ta yi dariya. "Ai ga shi nan yana shan shayi. Ko in ba ki shi?"

Wani na saukowa daga bene a lokacin, na ji takunsa har cikin haƙorana. Ta ci gaba da bayani ba tare da ta san halin da nake ciki ba. Mahaifinta ya haura tamanin, idanunsa sun tafi shekara bakwai da suka wuce. Ruwa ya taɓa cin gidansu ya tafi da duk takardunsa, ko kwafi ɗaya na littafin ba su da shi. Ita kanta tana ƙarama aka buga shi, ba ta taɓa karantawa ba. Sai ga tallar rangwame a wayarta. Yanzu kullum da hantsi tana karanta masa babi biyu, sun kai na goma sha huɗu, ranar Asabar za su gama. Ba maganar kuɗi ta kira yi ba, in ji ta. Baba ne ya ce duk wanda ya buga littafin nan ya san aikinsa, yana so ya zo a gama tare da shi ya yi masa godiya.

"Ni ce na buga," na ce, don bakina ya riga hankalina.

"Alhamdu lillahi! To sai mun gan ki, ƙanwata." Ta kwatanta mini gidan.

Da Manaja ya dawo na gaya masa, sai ya zauna a kan teburina, abin da ya san na tsana. Ya yi ta kaɗa mukullin mota. Can ya ce, "Shekara nawa da rubuta shi?"

"Ta kusa hamsin."

"To ni abin da na ci shekaranjiya ban tuna ba. Tsoho ya manta. Ki je ki gaishe shi, ki yi hoto da shi mu sa a talla, ki dawo."

"In ya gane fa?"

"Sai ki ce haka muka samu."

"Manaja, gara mu cire babin, mu gaya wa mutane gaskiya."

"Mu gaya wa mutum dubu shida mun sayar musu da jabu? Ranar za mu rufe ɗakin nan." Ya sauko daga teburin, ya rage murya. "Kuma in ana neman wanda ya rubuta, Malama, ba ni ba ne. Ni ko wasiƙa ban iya ba."

Na dubi Injiniya. Ya gyara matashin da yake tokare bayansa da shi, ya ce, "Ni ban ji ba, ban gani ba. Bayana ma ya ishe ni."

Na ce to ba zan je ba. Manaja ya ce in ban je ba za su yi zargin wani abu, kuma shi ba zai je ba don yana da uzuri. Kullum yana da uzuri.

Kafin in sami aikin nan shekara biyu na yi ina yawo da takarduna a leda. Tun rasuwar maigidana, ni ke riƙe da 'ya'yana biyu da mahaifiyata, wadda maganinta ba ya jiran kowa. Ba wai ina neman a tausaya mini ba ne. Ina faɗa ne don a san abin da ke ɗaya hannun lokacin da nake auna gaskiya. Alhamis da Juma'a na yi su a ɗakin nan kamar an rufe ni a akwati. Ina buga wani littafi na daban, amma kowace safiya ina lissafin inda suka kai: yau sha biyar da sha shida, yau sha bakwai da sha takwas. Na buɗe babina na karanta ya fi sau goma, ina neman abin da zai tona ni. Wani lokaci in ce Manaja ya yi gaskiya, ya manta. Wani lokaci ma, Allah ya yafe mini, in ce wa ya sani, wataƙila na dace, mai duba tikitin ne dama.

Ranar Asabar na shiga mota biyu kafin na isa unguwar. Gida ne ƙarami mai bishiyar lemun tsami a tsakar gida. 'Yar marubucin ta tare ni a ƙofa, doguwa, da tabarau rataye a wuya. Ta girme ni da kusan shekara goma sha biyar, don haka na kira ta Anti. Ta kai ni ɗakinsa. Gado ne da kujeru biyu, da rediyo a kan taga, da sandarsa jingine inda hannunsa zai kai. Yana zaune a kujerar da ke fuskantar haske, ko da yake hasken ba ya yi masa komai. Ya sa farar riga mai guga, an ga alama don ni aka sa.

Na durƙusa na gaishe shi.

"Ke ce mai yatsun?" in ji shi.

"Ni ce, Baba."

"Babi goma sha takwas, kuskure ɗaya tak na ji. Kin sa jirgi ya tashi ƙarfe bakwai, alhali ƙarfe shida ne."

"Haka yake a littafin, Baba."

"To masu ɗab'in farko ne suka yi. Su dama ba su da kai." Ya yi dariya har da tari. "Tashi ki zauna, 'yata. Kin dawo mini da abin da na fid da rai da shi."

Mutumin da ya tuna ƙarfe nawa jirgi ya tashi. Na zauna a bakin kujera, jakata a cinya, na riƙe ta da hannu biyu.

Anti ta sa tabarau ta fara babi na goma sha tara. Yana sauraro da kai a sunkuye, leɓɓansa na motsi, wani wurin har yana riga ta ƙarasa jimla. Da aka zo inda mai duba tikiti ya raka akawun bakin ramin ya ba shi fitilarsa, sai ya ɗaga hannu ta dakata.

"'Yata, da kike bugawa, kin lura da mutumin nan?"

"Na lura da shi, Baba."

"Mahaifina ne."

Anti ta sauke wayar. "Kaka? Ba ka taɓa gaya mini ba."

"Ba ki taɓa karantawa ba balle ki tambaya." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Shekara ashirin da shida yana duba tikiti. Wata rana jakar wani attajiri ta ɓace a taragonsa, aka ce shi ne. Ba a kai shi kotu ba, ba a kama shi da komai ba, aka dai karɓe rigar aka ce ya tafi gida. Ina aji uku a lokacin. Bai ƙara shekara biyu ba ya rasu, kuma har ya rasu in ya fita mutane suna matsar da kayansu. Ni ba ni da kuɗin lauya, ba ni da kowa. Da na girma sai na ce to, bari in sa shi a littafi yadda yake, da maɓallansa da burodinsa, kowa ya gan shi. Duk sauran, da taswira da zinariya da guje-guje, na sa ne don mutane su zauna su karanta."

Ƙofar ɗakin a buɗe take, taku huɗu ne tsakanina da ita, amma ban tashi ba.

Anti ta ƙarasa babin. Ta sha ruwa, ta ce maƙogwaronta ya bushe. Sai Baba ya ce, "Ba wa baƙuwarmu ta karanta na ƙarshe. Ita ta sha wahalarsa."

Ta miƙo mini wayar. Na karɓa. Na karanta shafi ɗaya da rabin da yake nasa, a hankali, ina jan kowace kalma kamar hakan zai ƙara mata tsawo. Akawun ya shiga ramin. Ya ji numfashin mutum. Ya ɗaga fitila ya haska fuskarsa, ya ce... Na tsaya.

"Ci gaba mana," in ji Baba, yana murmushi.

"Rubutun ya yi mini ƙanana, Baba."

"Kawo," in ji Anti. Ta zare wayar daga hannuna, ban hana ta ba. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba, ya fi rubuta babin ci mini rai. Ina zaune ina kallo ta karanta jimlata da bakinta: "Ashe kai ne, mai duba tikiti!"

Ta matsar da rubutun sama, ta dawo da shi ƙasa.

"Sake karantawa," in ji shi.

Ta sake. Ya ce ta ci gaba. Ta karanta dariyar da na sa mutumin ya yi, da bayanin da na sa a bakinsa, cewa rigar sanyin da burodin duk tarko ne. Na kwaikwayi salon da kyau, abin da ya cuce mu ke nan. Ga dogayen jimlolinsa, ga "sai ga shi" ɗinsa. Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Na jira ya daka tsawa ya ce ƙarya ne, wannan ba rubutunsa ba ne. Da ya yi haka da na ji sauƙi.

Bai yi ba. Hannunsa ya shiga lalube a kan hannun kujera, ya ce da wata ƙaramar murya, "Ni na rubuta wannan?"

"Baba..." in ji Anti.

"Maganata ce. Haka nake magana." Ya haɗiyi yawu. "Ashe haka na yi masa? Shekara hamsin ina cewa na wanke shi. Ko dai a raina ni ma na yarda ya ɗauka? Kaina ya fara taɓuwa, na sani, amma ban zaci..." Hawaye suka zubo daga idanun nan da ba sa gani, bai ko share ba.

Na sauka daga kujerar na durƙusa. "Baba, ba kai ba ne. Ni ce."

Na faɗi komai: gara, da mako ukun nema, da ranar da aka riga aka sanar, da dabarar da na ɗauka na sani. Ban ɓoye cewa raina ya so ba. Anti ta miƙe tsaye, ta cire tabaran, ta dube ni kamar yanzu na shigo.

"Kika zauna nan kika sha ruwanmu," in ji ta. "Ya gaya miki ko wane ne, kika bar ni na karanta masa."



Baba ya ja dogon numfashi sau biyu, ya shafa fuskarsa. "Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ba ni ba ne." Sai kuma ya ce, "Mutum nawa suka karanta?"

"An sauke shi sau dubu takwas zuwa jiya."

"Dubu takwas." Ya jinjina kai. "Wancan karon mutanen tasha ɗaya ne kawai suka kira shi ɓarawo."

"Zan gyara, Baba. Ka faɗa mini yadda yake in buga yanzu, ko da baki ne. Wa ya ɗauke akwatin?"

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ya ambaci shugaban tasha, ya ce a'a. Ya ambaci ɗan kasuwar da ke tarago na takwas, ya ce a'a, wannan ai ya mutu a kogi. Muka jira. Rediyon maƙwabta na ta magana ta bayan katanga.

"Na manta," in ji shi. "Ɓarawon bai taɓa damuna ba, shi ya sa. Na dai san a ƙarshe an mai da wa mai duba tikiti rigarsa a gaban kowa." Ya juya fuskarsa wajen taga. "Ba shi ba ne. Ki tafi, 'yata, na gaji."

Anti ba ta raka ni ƙofa ba.

Ban wuce gida ba, ofis na nufa. Ranar Asabar ba ma aiki, amma ina da mukulli. Masu katin gayyata na ta buga injinsu, ba wanda ya kula da shigata. Na kunna kwamfutar Injiniya na kira shi a waya na ce ya gaya mini yadda ake sauya fayil a manhaja.

"Malama, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Na sani."

"Manaja na da kwafinsa. Ranar Litinin zai sa ni in mayar, kuma zan mayar, ina da iyali."

"Na sani."

"Kuma waɗanda suka riga suka sauke, yana cikin wayoyinsu. Ba abin da zai taɓa nasu. Sababbin saye kawai zai shafa."

"Faɗa mini dai."

Ya yi tsaki, ya ce lambar sirrin na rubuce a ƙarƙashin matashinsa, ya bi da ni mataki-mataki, sannan ya ce bai ce mini komai ba ya kashe.

Na goge babina tun daga inda fitila ta haska fuska. A wurinsa na rubuta cewa sauran shafukan sun ɓace, cewa ƙarshen da aka sayar a baya ba na marubucin ba ne, mai buga rubutu ce ta ƙirƙira, kuma marubucin na raye ya ce mai duba tikiti bai ɗauki komai ba. Na ɗora. Na kwashe kofina da 'yar tabarmar sallata na sa a jaka, na ajiye mukullin a teburin Manaja. Sai na tuna in na bar mukullin ba abin da zan kulle ƙofa da shi, ga kwamfutoci a ciki. Na koma na zauna ina jiran mai shagon gaba ya gama aikinsa in bar masa.

Ina nan zaune ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata, sai kwamfutar ta yi ƙara, sabon ra'ayi ya shigo. Wani ne da ya saya yanzun nan, da alama ƙarshen ya fara dubawa.

"Wane irin wasa ne wannan? Ina sauran? Ku daina raina mana hankali, kowa ya san mai duba tikitin ne ɓarawon, matata ta gaya mini tun jiya. Ni dai ku ba ni in karanta da idona."